Cokalin Abrehet

Kwana uku muka yi a kan duwatsun Nakfa
ba mu ga rana ba sai ta cikin hayaƙi.
Igwa na tari daga kudu,
ƙasa na zubo mana a wuya
kamar ana tankaɗe gari a kanmu.

Ban ji shigar ƙarfen ba.
Na dai ga ƙafata ta ƙi jin maganata,
wandona ya yi ɗumi, ya yi nauyi,
na zube a fili tsakanin ramuka biyu,
inda ko ƙadangare ba ya gilmawa da rana.

Na kira uwata. Ba na jin kunyar faɗa.
Habtom da ke gefena bai kira kowa ba,
idonsa a buɗe, yana kallon shaho.

Sai ga ta da jan ciki,
jakar magani a bayanta kamar goyo.
Abrehet, 'yar Keren,
wadda a tsaye ba ta kai kafaɗata ba.
Babu bindiga a hannunta,
sai almakashi rataye a wuya.
Harsashi na fasa dutse dama da hagu,
ita kuwa faɗa take yi mini:
"Girmay, rufe baki, buɗe ido.
Mai shirin mutuwa ba ya irin wannan ihu."

Ta ɗora yatsu biyu a wuyan Habtom,
ta jira,
ta shafe masa ido, ta juyo kaina.

Bandeji ya ƙare tun jiya.
Ta yage gyalenta da haƙori,
ta ɗaure mini cinya,
ta zaro cokalin cin abincinta ta soka a ƙullin,
ta murɗa, ta ƙara murɗawa,
har na zagi kakanta.
Ta ce, "Madalla, da sauranka."

Taku tamanin ne zuwa bakin kogo.
Na koma na auna da sandata bayan shekaru.
Ran nan ya cinye mana la'asar ɗungurungum:
ta ja ni ta kwalar riga, ta huta, ta ja.
Duk sa'ad da sama ta yi fito
sai ta kife a kaina,
ina jin zuciyarta na dukan haƙarƙarina.
Ashe ita ma tana jin tsoro,
ba ta dai ba shi wurin zama ba.

A kogo ta kurɓi ruwa sau ɗaya,
ta karkata kunne.
Wani na kira daga can ƙasa.
Ta fita.

Ƙafar ba ta tsira ba. Ni na tsira,
da cokalin a aljihuna.

Shekara ashirin da shida kafin in same ta,
a wani ƙaramin asibiti bayan kasuwar raƙuma,
furfura ta cika mata kai, kunnen hagu ya mutu,
tana lallashin yaro mai gudun allura.
Na ce, "Ni ne Girmay."
Ta ce, "Wanne? Kuna da yawa."

Na miƙa mata cokalin, a lanƙwashe yadda ta bar shi.
Ta juya shi, ta daɗe tana dubawa.
"Wata guda na yi ina cin wake da murfin gwangwani," in ji ta.
Ta goge shi da gefen riga,
ta tura mini kujera da ƙafa,
ta zuba shayi kofi biyu,
ta juya sukari.