Abin da Ya Rage wa Baba Kefas

Yau ma ya tambaye ni ko 'yar gidan wa ce ni.
Na ce, Lidiya ce, Baba, autarka.
Ya ce, madalla, ki gai da mutanen gida.
Na sa masa cokali a hannu, kunun gyaɗa na hucewa,
ya riƙe shi kamar alli.

Shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi a Kaltungo.
Direbobin tashar Billiri, masu awon hatsi,
har likitan da ke duba shi yanzu,
duk sun sha bulalarsa a kan bakwai sau takwas.
Shi ne ma'ajin ikilisiya. Baikon Lahadi
da ka yake haɗa shi, dattawa ba su gama jera kuɗin ba.
Wannan kan ne ya zama rumbun da gara ta shiga:
daga waje lafiya lau, jinka a tsaye,
ka zura hannu, ka ɗebo ƙaiƙayi.

Nufi kuwa, wa bai san taurin kan Kefas ba?
Ran da kububuwa ta sare shi a gonar gindin Kilang
sai da ya ƙarasa kunyar da ya fara
kafin ya yarda a ɗora shi a keke zuwa asibiti.
Rana ɗaya ya kifar da ƙwaryar burkutu, bai sake waiwaya ba.
Taurin yana nan. Hanya ce ta ɓace masa.
Ƙarfe biyun dare zai saɓi fartanya
wai ruwan shuka ya sauka, ana tsakiyar rani.
Ni da Habila mu tare ƙofa,
yana huci, yana kiranmu ɓarayi.
Na ɓoye makulli a tukunyar daddawa.
Allah ya gafarta mini, na taɓa daka masa tsawa.

Na kai wa Fasto Barnaba tambayar da ke cin raina.
In hankali ya tafi, da me mutum zai ba da gaskiya?
Wanda ya manta sunan 'yarsa, ya tuna sunan Yesu?
Ya daɗe yana goge tabarau da gefen riga.
Ya ce, jaririn da ke goye, ya san sunan uwarsa?
Riƙonsa ne ke hana shi faɗuwa, ko majanyi?
Na yi godiya, na fito ban gamsu ba.
Magana ce mai daɗi,
amma ba Fasto ke wanke zanin gado da asuba ba.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Na gama goge ƙasa sau na uku,
na zauna jikin gadonsa, bayana a katako,
kuka ya zo mini, irin wanda ba ya sallama.
Na toshe baki kada ya farka.
Sai na ji hannu a kaina.
Hannun nan mai kanta, mai nauyi,
wanda ya manta yadda ake ɓalle maɓalli.

Da Tangale ya fara, harshen uwarsa,
murya ƙasa-ƙasa, ba gargada:
Uba, ga wata yarinya nan.
Ni ban san ta ba, kai ka san ta.
Ta gaji.
Ka ba ta barci.

Bai ce amin ba. Minshari ya biyo baya,
hannun yana nan inda ya ɗora shi.

Ban iya lissafin wannan ba, ko da ni 'yar malamin lissafi ce.
Na dai san rafin bayan gidanmu a watan Maris:
yashi ne zalla, awaki na tafiya a kai,
amma matan unguwa sukan durƙusa da ƙoƙo,
su tona kamu biyu, su jira.
Ruwa yakan taso, ba wanda ya kira shi.

Na yi barci a wurin, a zaune, har zakara ya gaji da cara.

Da safe ya dube ni, ya tambaya ko 'yar gidan wa ce ni.
Na ce, 'yar gidan nan ce, Baba.
Ya ce, to, ki ƙara mini sukari.