Giɓi

Haƙorana biyu na gaba
na bar su bisa kwalta a Mokoyo,
ranar da kabu-kabu ya yi karo da amalanke.
Tun daga nan ba na dariya sai bayan tafin hannu.

Ƙirjina kuwa, in ji inna,
akurki ne da aka manta a rana.
Fuka na shigarsa da damina, ba ta sallama.

To wa ya aike ni bayan lakwal ɗin Zariya,
inda Ajidan Nomau, tsohon soja,
ke jera ƙahonnin tagulla bisa tabarma
kamar mai tallan ƙorai?

Kwana goma sha ɗaya ina leƙe ta katanga.
Ran na sha biyu ya ce, "Kai mai kallo, taho."
Na buɗe baki, na gwada mishi ƙofar da ba ƙyaure.
Ya duba kamar mai sayen rago.
"Tsahiru, ƙaho ba goro ba ne.
Wa ya ce ka tauna?"

Na busa.
Akuyar maƙwabta ce ta amsa.
Yara suka zube ƙasa.
Iska ta bi ta giɓi ta tsere,
rabi ga ƙaho, rabi ga gari.

Ya gusa mini bakin ƙahon gefe kaɗan,
wajen da haƙori ke da sauran rai.
Ya ba ni kwalbar ruwa da bututun bik,
in riƙa tada kumfa bayan la'asar
ina ƙirga a zuci: bakwai, tara,
wata rana har ashirin.
Ya ce numfashi ƙasan cibiya yake kwana,
ƙirji zaure ne kawai.

Leɓe ya kumbura, ya tsage, ya warke.
Na shafa man kaɗe, na koma.

Wata safiya na gangara gulbi, ruwa ya janye,
na tsaya cikin yashi mai sanyi,
na saki murya ɗaya,
doguwa, ba gargada,
ta haye har wancan gaɓa.
Wani mai lambu ya ɗago daga albasarsa,
ya daɗe bai sunkuya ba.

Giɓin na nan, ban cike shi ba.
Fuka ma takan leƙo.
Jiya a sahu na biyu, ganga ta kuskure,
dariya ta kubce mini a gaban mutane,
hannuna duka biyu suna kan ƙaho.