Shuɗin Hayaƙi a Agege

Tun daga kan gada na shaida ta,
danfon Baba Rasaki,
tana jan shuɗin hayaƙi kamar mai bashi a bayanta.

Fari ruwa ne,
baƙi fetur ne ya yi yawa,
shuɗi kuwa, baƙin mai ne ya ɓata hanya.

Na cusa yatsa a bakin salansa,
ya fito da maiƙo yana ƙyalli.
"Da asuba ta fi yi, ko a hawa?"
"Da asuba, Tanimu, sai ta lafa."
To, zoben fistin ba shi da laifi.

Fulogi huɗu na kwance.
Na uku ya jiƙe sharkaf,
kamar ya kwana yana kuka.
Robar bawul ce ta tsage,
abin da bai kai ɓarin goro ba.

"Ba sauke inji?"
"Babu."
Ya zauna kan tsohuwar taya, sai yanzu ya tuna bai karya ba.

Washegari ya murza makulli,
muka zuba wa salansa ido:
iska zalla.
Sauran hayaƙin na Legas ne,
shi kam ba ni da sifanarsa.