Kushewar da ke Bakin Garkata

A gindin tsamiya, gabas da garkata,
akwai kushewa, ba suna, sai tulin tsakuwa.
Kakata Dela ta ce Tasalla ce kwance nan,
matar wani sarki da ko Dela ta mance sunansa.

Wai shekarar da gero ya ƙi yin ido
ta sa aka buɗe rumbunan fada, sarki na fagen daga.
Da ya komo ya tambayi hatsinsa
ta nuna masa yara na langa a ƙofar gida:
"Ga shi can yana tsalle."

Bai yi dariya ba.

Ta tuɓe mundaye ta aje kan tabarma,
ta gangaro fadama da tulu guda da jar akuya.
Damina goma sha tara tana wanke gyambon mutane,
tana tatsa, marayu na sha,
har ƙari ya fito mata a wuya.
Ta ce, "Nan na rataya murjani ina yanga,
bari wuyan ya biya bashinsa."

Ranar da Gulbi ya ci tsohuwar Maradi
katangu suka narke kamar gishiri a miya,
kowa ya ɗau ɗansa ya hau tudu.
Tsakuwar nan ko ɗaya ba ta gusa ba.
Dela ce ta faɗa. Ni ban gani ba.

Yanzu kowace Alhamis mata na zuwa,
daga Bagalam, daga Tibiri, a bayan kabu-kabu,
su ƙulle ƙasar wurin a bakin zane
don ciwon maƙogwaro, don haihuwar da ta yi nawa.
Liman ya hana, ya ce mamaci addu'a yake jira,
ba shi ake roƙo ba.
Ban musa masa ba.

Jiya autana ya zo da littafin lakwal:
hoton sarauniyar wani tsibiri mai sanyi,
ta bar gadon mulki ta shiga ɗakin ibada,
an zana mata haske kewaye da kai.
Na ce tamu ba ta da hoto,
inuwa ce kawai ta samu.

Ko waliyyiya ce, Allah masani.
Ni dai baƙinta na tattake mini albasa,
in yi faɗa, in huce.
In na gama ban-ruwa, magariba ta gabato,
gugan ƙarshe na tsamiya ne.