Ba a Zaman Makokin Kare

Tsakanin in ɗora ruwan shayi
da in dawo da buta, ka tafi.
Ko tari ban ji ba.
Na tarar da kai a gindin fiya,
haɓa a kan ƙafafun gaba,
kamar kullum in kana jiran ƙanzon jiya.
Na ce, Kuza, tashi.
Na sake faɗa, da muryar faɗa.
Ƙuda ya sauka a kunnenka, kunnen bai karkaɗa ba.

Jiya-jiyan nan ka raka ni lambu a Lamingo,
kana ɗingishi, kana tsayawa,
ni kuma ina jiran ka da sunan duba latas.
Ka cinye rabonka tas.
Ka kori akuyar Ngo Kaneng taku uku,
don kada a ce ka ajiye aiki.

Shekara goma sha huɗu.
A kwandon tumatir na tsince ka bayan Farin Gada,
ranar da aka yi ruwan ƙanƙara,
jiƙe sharkaf, kana rawar ɗari,
launinka launin kuzar da babana ya yi ta wankewa
har ƙirjinsa ya gaji.
Marigayiya Asabe ta ce, kada ka shigo mini da najasa.
Ita ce kuma ta fara jiƙa maka burodi a madara
cikin murfin tukunyar da ta fashe.

Shekarar da aka hana fita,
da unguwa ta yage kamar tsohon zane,
kai kaɗai ke ƙetare kwalbati.
Ƙashin Sallah a nan, ƙashin Kirsimeti a can,
ba wanda ya tare ka ya ce, mene ne sunanka.
Wata safiya ka dawo da ƙyalle ɗaure a wuya.
Na gane atamfar Ngo Kaneng,
na san suna nan da rai.

Ɗazu Ɗanladi mai faci ya leƙo ta katanga:
Haba Baba Shu'aibu, kare ne fa, sai ka nemi wani.
Gaskiyarsa.
Ba a shimfiɗa tabarma don kare,
ba mai zuwa ya ce, ya muka ji da haƙuri.
An ce sabo turken wawa.
To ga wawan nan, ga turken,
igiyar ce kawai ta tsinke.

Ban taɓa barin ka ka haye dokin ƙofata ba.
Ko daren da zazzaɓi ya kwantar da ni,
a waje ka kwana, hanci a ƙarƙashin ƙyaure,
ina jin numfashinka har asuba.
In zan yaba maka, da gefen takalmi nake sosa maka wuya,
kai kuwa ka karɓa kamar an ba ka gari.
Yau na ɗauke ka a ƙirji, da rigata fara,
ashe ba ka da nauyi haka.

Ƙasar Jos ba ta ba da kabari a banza.
Diga ta ci karo da dutse sau biyu, na sake wuri.
Ngo Kaneng ta zo da shebur ɗinta,
ba ta ce komai ba,
ta kwaso jar ƙasa tana zubawa a hankali
kamar mai rufa wa yaro bargo.

Na wanke hannu sau bakwai, yadda aka koya mini.
Gashinka guda uku sun maƙale a bakin aljihu,
na bar su.

Da daddare na kankare tukunya,
na fito tsakar gida da kwano a hannu,
har na tsuke baki zan yi fito.
Ana yayyafi.
Na daɗe a tsaye.