Dubu Ɗari Uku da Sha Biyu

Asabar da sassafe, yayyafi na sauka a kan Viseu,
muka bi hanyar da ta ratsa gonakin inabi,
ni da Abílio, yayan matata.
Shi da tocila da tsumma a aljihun baya,
ni da yuro dubu uku cikin ambulan
da nake ta dafawa kamar mai ciwon haƙarƙari.

Mu shida ne yanzu a gida.
Tun da aka haifi Tomé, duk tafiya sai an bar wani.

Dona Deolinda ta tarbe mu cikin baƙar rigar sanyi,
makulli a hannunta, an ɗaura masa jan zare.
Ga motar can ƙarƙashin itacen ɓaure,
launin toka, kujera bakwai,
gefenta ɗaya ya ɗan lotsa.

"Kar ki tayar tukuna," in ji Abílio.
Ya ɗora tafinsa a kan bonet
kamar uwa mai duba zazzaɓin yaro.
Sanyi ƙalau. Ya gyaɗa kai.
Mai son ɓoye ciwon inji
ɗumama shi yake kafin baƙo ya iso.

Na leƙa maleji, na haɗiye yawu:
dubu ɗari uku da sha biyu.
Ina motar nan ba ta je ba?
Me ya rage mata da za ta ba ni?

Ya zaro sandar baƙin mai, ya goge, ya sake tsomawa,
ya shinshina murfi, ya leƙa lagireto,
ya shimfiɗa kwali a jiƙaƙƙiyar ƙasa
ya shige ƙarƙashi, sai takalmansa nake gani.
Can na ji yana ƙwanƙwasa tsatsa,
yana tambayar ƙarfe abin da ba ya tambayar mutane.

Aka murza makulli. Tari ɗaya, ta kama.
Ya aike ni bayan salansa in tsaya.
Fari ko shuɗi? Babu ko ɗaya,
ɗan tururin safiya ne, ya watse.

Sai tsohuwar ta buɗe aljihun gaba
ta miƙo littafi mai bangon roba.
Rubutun Custódio, mijinta:
ranar juye, ranar birki, ranar taya,
har kwan fitilar da ya mutu a hanyar Guarda,
shekara goma sha huɗu, layi bisa layi.
A watan Maris na bara waccan rubutun ya fara rawa.
Shafi na gaba fari fat.

"Daga nan ban san komai ba," ta ce.
"Ina tayar da ita duk Lahadi don kar ta manta.
Gilashin baya na hagu ba ya sauka.
Jikata ta cusa masa ƙwallon ceri."

Muka hau tudun coci a giya ta biyu.
Abílio ya kashe rediyo, ya rufe ido ɗaya,
ya saki sitiyari kaɗan, ba ta karkata ba.
A gangara ya taka birki, haƙorana suka haɗu.

Bayan bishiya ya raɗa mini:
"Bel ɗin inji ya wuce lokacinsa. Kuloci na da shekara guda.
Rage ɗari huɗu. Sauran kuwa,
da tsohuwar zuma ake magani."

Na zo da bakin ciniki tun daga gida,
na yi ta bitarsa a hanya.
Na ce ɗari uku. Abílio ya harare ni.
Ta ƙirga kuɗin sau biyu a kan bonet,
ta kwance jan zaren, ta riƙe abinta.

A gidan mai na farko na tsaya,
na ari biro wajen mai zuba man,
na buɗe farin shafin, na sa kwanan wata.
Hannuna ma sai da ya ɗan yi rawa.