Rabon Wuta

A Matanzas, bayan cocin da agogonsa ya tsaya,
Dagoberto na zaune kan kifaffen bokiti,
idanunsa sun yi fari kamar ruwan shinkafa.
'Yarsa Odalys ta ɗaga bonet.
Shabarole ce, ta girme ta da shekara talatin,
fentinta kore ne, inda ya rage.

"Tayar."
Ta murza makulli. Injin ya yi tari,
ya yi harbin jaki ta salansa, ya mutu.

"Wani ya taɓa mini wayoyi."
Ba ta ce ita ce ba.
Daren jiya ta zare su duka shida,
gishirin teku ya ci bakinsu,
ta goge, ta mayar da hasken tocila tana hamma.

Ya miƙa hannu, ta ɗora shi kan hular distirbuta.
Yatsunsa suka zaga kamar mai lalube a aljihunsa:
ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu.
"Haka wuta ke rabo tun ba a haife ki ba.
Ta tsakiya ce uwa, daga kwayil take ɗebowa,
rota na juyi tana miƙa wa kowane fulogi nasa.
Ki ba uku rabon shida,
gida ya rikice."

Ya zare biyu, ya musanya.
Ɗaya ta tsage a gwiwa, robar ta bushe.
Sabuwa sai mai ɗan'uwa a ƙetaren ruwa,
nasu kuwa ya daina kira.
Ta naɗe ta da baƙin salatif, zagaye bakwai,
ta yanke da haƙori.
Kwantak ya yi baƙi, ta kankare da gefen kwalin ashana,
ta auna tazarar da bakin kwalin nan dai.

"Tayar."
Wannan karon shidan suka amsa bi da bi,
kajin maƙwabta suka watse,
sifana ta shiga rawa kan batir har ta faɗo.
Ya karkata kai, ya daɗe.
Kunne ya girmi kaka.

Ƙarfe takwas tana da fasinja zuwa Varadero.
Tana wanke hannu da kananzir ya ce,
ba tare da ya juyo ba:
"Ranar Lahadi ki sake zare su duka.
Da rana.
Ni ina nan, amma hannuna na cikin aljihu."